Ina sa alamu a zanena amma ba sa magana, ina matsalar take?

Tambaya: Malam, ina zane da fenti, kuma ina son aikina ya ɗauki ma'anar ruhi da ta tatsuniyoyi. Nakan sa jinjirin wata, maciji, ido da mabuɗi a zane ɗaya, amma masu kallo sai su ce ya yi kyau su wuce, wasu kuma su ce ba su gane ba. Me zan gyara?

Amsa: Malama, alamunki sun yi yawa, kuma da alama ɗora su kika yi bayan an gama zanen. Ga gwaji mai sauƙi: yanki takarda ki rufe macijin, ki ja da baya kamar taku biyar. Idan zanen bai rasa komai ba, macijin kwalliya ne. Alamar da ke aiki ita ce wadda aka gina tsarin zanen a kanta, har in aka cire ta sauran ya rushe.

Ki zaɓi guda ɗaya, ki san asalinta sosai. Ibrahim El-Salahi, ɗan Sudan da aka haifa a Omdurman a 1930, ya daɗe yana zana bishiya ɗaya, gawo, wadda a can ake kira haraz. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Wannan saɓanin shi ne ma'anar, kuma a halittar bishiyar take. Ya yi ta rage ta har ta koma layuka tsaye da na kwance. Ki yi haka: ƙananan zane goma zuwa ashirin da fensir, kowanne kamar tafin hannu, alama ɗaya, kina sauya girmanta da wurin zamanta kafin ki taɓa fenti.

Launi ma sai an yi masa doka. Hilma af Klint ta Suwidin, wadda ta yi zane 193 tsakanin 1906 da 1915 don wani haikali da ta ƙudurta a ranta, ta tsayar da shuɗi ga mace, rawaya ga namiji, ta riƙe hakan. Shi ya sa mai kallo yake koyon karatun aikinta daga zane zuwa zane. Idan ja yana nufin rai a wannan kusurwa, ya koma haɗari a waccan, mai kallo zai ɓata. Kada kuma ki ɗauka ma'anar launi ɗaya ce a duniya: fari launin makoki ne a Sin da Indiya.

Abin da na fi so masu zane su kula da shi shi ne kayan aikin kansa. Anselm Kiefer na Jamus yana sa darma, toka da ciyawa, domin darma ita ce ƙarfen da masu tsohuwar alkimiyya suke son mayarwa zinariya. Nauyinta ya isar da saƙon kafin a karanta wani bayani. Amma nan ake yawan ɓarna. Kaya masu nauyi suna sa kyallen zane ya saki, don haka a yi su a kan katako. Ciyawa ko ganye in ba su bushe sarai ba suna yin fumfuna a ƙarƙashin fenti. Toka da yashi sai an kwaɓa su da ruwan gam na akirilik (wato irin fentin roba da ake damawa da ruwa), in ba haka ba za su riƙa zuba. Fentin mai yana zama a kan akirilik, amma akirilik a kan fentin mai ɓarewa yake. Ganyen zinariya na jabu, wanda jan ƙarfe ne da tutiya, yana baƙi idan ba a shafe shi da banish ba. Darma kuwa guba ce: a sa safar hannu, kuma kada a goge ta ta yi ƙura.

Sai batun haƙƙi. Wasu alamun suna da masu su. Lokacin da ’yan asalin Ostireliya suka fara zane da akirilik a ƙauyen Papunya da ke tsakiyar ƙasar a 1971, zanen farko sun bayyana alamun ibada na sirri, wasu al’ummu suka yi fushi, aka koma rufe su da ɗigo-ɗigo. Victor Ekpuk, mai zane ɗan Najeriya, ya ɗauki tsarin nsibidi, tsohon rubutun alamu na kudu maso gabashin Najeriya, wanda wani sashensa sirrin ƙungiyar asiri ta Ekpe ne, ya ƙirƙiro nasa rubutun daga ciki. Kafin ki ɗauki alamar wata al’umma ko nassi mai tsarki, ki tambayi masu shi abin da ya halatta a rataye a bango ko a sayar.