Sinadarin da ya kashe ƙwayoyin ciwon daji a ɗakin gwaji ya zama magani ke nan?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar kimiyyar haɗa magunguna ce. Na karanta cewa masu bincike sun haɗa sababbin sinadarai daga yurasil, har sun kashe ƙwayoyin ciwon daji a ɗakin gwaji. Me ya sa sai yurasil? Kuma an kusa samun magani ke nan?

Amsa: Malama, yurasil na cikin tubalan RNA, kuma daga gare shi jiki ke ƙera taimin ɗin da ake gina DNA da shi. A 1954 aka lura cewa ciwon dajin hanta a jikin ɓeraye yana zuƙar yurasil fiye da lafiyayyen nama. Wannan ya sa Charles Heidelberger na Jami'ar Wisconsin a Amurka da Robert Duschinsky na kamfanin Hoffmann-La Roche suka dasa fulorin a gurbi na biyar na zoben yurasil, aka sami maganin ciwon daji mai suna 5-FU a 1957. Bayan ƙwaya ta sarrafa 5-FU, inzayim ɗin (wato furotin mai tafiyar da aikin sinadarai a jiki) da ke ƙera taimin sai ya cafke shi, ya kasa cire fulorin, ya kuma kasa sakin sa, tamkar mabuɗin da ya karye cikin kwaɗo. Babu taimin, ƙwayar ta kasa rabuwa, ta mutu. Har gobe ana ba masu kansar hanji 5-FU.

Gwajin da kika karanta galibi MTT ne. A zuba ƙwayoyin ciwon daji, misali MCF-7 na mama, a faranti mai ramuka 96, a ɗiga sinadarin, a jira kwana biyu ko uku, sannan a sa rini ruwan ɗorawa. Masu rai su mayar da shi shunayya, matattu ba sa iyawa. Daga nan ake lissafa IC50, wato adadin sinadarin da ya rage su da rabi.

Batun magani kuwa, da sauran rina a kaba. Ko bilicin kika zuba a farantin nan zai kashe su. Kuma faranti ba shi da hanta, alhali inzayim ɗin DPD da ke hanta na rushe kusan kashi 80 cikin 100 na 5-FU a jiki, wanda aka haifa da ƙarancin DPD kuwa maganin na iya halaka shi. Saboda haka ki koma wa binciken ki duba: an gwada sinadarin a kan lafiyayyun ƙwayoyi? An jera shi da 5-FU a faranti ɗaya? In babu, ko matakin ɓeraye bai cancanci kai wa ba tukuna.