Amsa: daga ina tsarin shafi na zamani ya samo asali?

Malam, ka tambaya ina aka samo salon nan da ake yayi a fosta da kalanda, wato haruffa marasa ƙafa (marasa 'yan ƙananan layukan nan na ƙarshen sanduna), rubutu jingine a hagu, ga fili fari fetal. Ba kwamfuta ce ta kawo shi ba. Maɗaba'un Turai ne suka haife shi a shekarun 1920, musamman na Jamus, lokacin da ake jera haruffan dalma ɗai-ɗai da hannu.

Kafin nan an saba zuba komai a tsakiyar shafi, a kewaye da ado, kowane layi da irin harafinsa, har ido ya rasa ta inda zai fara. Jan Tschichold, ɗan mai rubuta allunan shaguna a Leipzig, ya je baje kolin makarantar Bauhaus a Weimar a 1923, ya dawo da wani tunani daban. A 1928 ya fitar da littafinsa Die neue Typographie, wato sabon salon tsara rubutu. Abin da yake kira a kai shi ne a fara tantance me mai karatu zai fara gani, me zai biyo baya, sannan a nuna hakan da girma da kaurin harafi da tazara, ba da ado ba. Shi ne kuma ya dage a riƙa amfani da ma'aunin takarda na DIN, hukumar ma'aunai ta Jamus, da aka tsayar a 1922, inda A4 ɗinmu ta milimita 210 da 297 ta fito.

Filin nan fari fa ba banza yake ba a wancan zamani. Sai an cike shi da guntayen dalma da katako waɗanda ba su kai tsayin harafi ba, don kada su sha tawada, a ɗaure duka cikin firam ɗin ƙarfe. In ɗaurin ya yi sako-sako, ana ɗagawa haruffa su zube, aikin yini ya tashi a tutar babu. Shi ya sa layukan karkace da Piet Zwart ya yi wa kamfanin wayoyin lantarki na Delft a Holan suka zama abin mamaki, domin kayan aikin duk masu kusurwa huɗu ne.

Herbert Bayer a 1925 ya zana haruffa ƙanana zalla, babu manya, a Jamusanci, yaren da kowane suna ke farawa da babban baƙi. Rigima ce ya tsokano da gangan. Nau'in harafin Futura ta Paul Renner, 1927, ita ta fi cin kasuwa. Ka ƙara girman harafin b ɗinta ka duba: inda da'ira ta haɗu da sanda an rage mata kauri, in ba haka ba wurin zai yi baƙi ƙirin. O kuma ta ɗan zarce layi sama da ƙasa, don in an daidaita ta cif da H sai ta yi kamar ta fi ƙanƙanta.

Tschichold kansa daga baya ya sauka daga ra'ayin. 'Yan Nazi sun tsare shi a 1933, ya tsere Basel ta Suwizalan, kuma da ya yi wa kamfanin buga littattafai na Penguin aiki a Ingila daga 1947 zuwa 1949 sai ya koma haruffa masu ƙafa da taken tsakiya. A ganina gaskiyarsa ce: abin da ya dace da fosta yana gajiyar da ido a littafi mai shafi ɗari uku.

In za ka gwada, kada ka wuce nau'in harafi biyu. Layi ya tsaya tsakanin baƙi 60 zuwa 70, harafi mai girman lamba 10 ya sami tazarar layi 12. Manyan baƙaƙe ka ɗan buɗa tsakaninsu, ƙananan ka bar su yadda suke. Kuma kafin ka zaɓi harafi, buga ɓ, ɗ da ƙ ka gani, don da yawa ba su da su. Manhaja za ta aro daga wani nau'in, sai an buga fosta ka ga ƙ ɗaya siririya tsaye a tsakiyar kalma mai kauri.