Gurzar Gefen Dakali da Siketbod: Amsoshin Tambayoyinku

Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: yadda mutum zai ɗora ƙarafan ƙarƙashin siketbod, wato allon wasa mai tayoyi huɗu, a kan kaifin ɗan dakalin gefen titi ya zarce yana gurza, da abin da ya kamata ya saya kafin ya fara. Na zaɓi shida, na gajarta wasu.

Yaya, wata huɗu ke nan ina hawa. Na iya tuƙi da juyi, tsallen oli ɗina ma yana ɗagawa daidai gwargwado. Amma duk sanda na ɗare gefen dakali, sai allon ya tsaya cak, ni kuwa in wuce gaba. In sayi sababbin ƙarafa masu tsada ne, ko matsalar daga gare ni take?

Ƙanena, kafin ka taɓa aljihunka, je ka tsuguna gaban dakalin nan ka shafa kaifinsa da tafin hannu. Idan ka ji yana kartar ka kamar dutsen niƙa, to ka gano mai laifin. Simintin da ba a taɓa gurza ba haƙora gare shi. Kafaɗar ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, wanda masu wasan ke kira tirok, da alminiyam ake yin ta, kuma alminiyam ƙarfe ne mai taushi. Da ya sauka a kan kaushin siminti sai siminti ya cije shi ya riƙe. Ko ƙarafan da suka fi kowanne kyau a duniya ka ɗaura, haka za su tsaya.

Saboda haka aikin farko na dakali ne. Share shi tas. Nemi dutsen goge siminti irin na magina, ko gutsuren jan bulo mai ƙwari, ka jiƙa wurin da ruwa, ka yi ta gogawa a saman kaifin da kuma fuskarsa ta gefe. Ruwan nan kada ka raina shi, domin ƙurar siminti tana lahanta huhu, jiƙawar ce ke kwantar da ita. Hannu zai gaji, amma kada ka daina sai ka ji tafin hannunka na wucewa sumul. Wanke farar lakar da ta taru, ka bar shi ya bushe sarai. Wasu sukan fesa banish mara launi su bari ya kwana, yana toshe ƙananan ramukan simintin. Shi ya sa ma dakalin da ya sha fenti sau da yawa yake zamiya tun ba a yi masa komai ba. Daga nan sai ka goga kyandir sama-sama, sau biyu ko uku.

Abu na biyu gudu ne. Tsoro ke sa mai koyo ya taho a hankali, alhali a hankalin nan ne allon ke kafewa ya jefar da shi. Ƙara turi ɗaya ko biyu a kan abin da zuciyarka ta yarda da shi.

Fara da gurzar da ake kira 50-50, wato ƙarafan biyu duka a kan kaifi. Taho dakalin yana gabanka, ta ɓangaren yatsun ƙafarka, don idonka ya riƙa ganinsa. Kada ka fuskance shi kai tsaye, bi gefensa kusan a jere kana ɗan karkata zuwa gare shi. Kwana biyun farko ma kada ka nemi zarcewa: yi oli, wato tsallen da allo ke tashi tare da ƙafafunka, sauka da ƙarafan biyu a kai, tsaya, sauko. Yi ta maimaitawa har ƙafarka ta san wurin. Idan ka sauka daidai, tayoyin ɓangaren yatsu suna sama, na ɓangaren diddige suna rataye a gefe suna jingina da fuskar dakalin, su ne ke kulle ka a kan layi. Ƙafafu a kan notunan allo, gwiwa a lanƙwashe, kafaɗu a jere da dakalin. Kafaɗa ita ce sitiyari a wannan wasa. Inda ta juya, can allon zai bi. In ka kai ƙarshe, danna wutsiya kaɗan hancin allon ya ɗaga, ka sauka a kan tayoyi huɗu.

Ba na manta ranar da tawa ta fara tafiya. Sauti ne ya fara sanar da ni, wata ƙara mai kauri, ƙurrr, da ta hau ta tafin ƙafata har gwiwa. Da na koma na duba, sai ga wani siririn layi mai ruwan toka kwance a kan kaifin, tsawonsa bai kai taku biyu ba. Alminiyam ne ƙarafana suka bari. Wannan layin shi ke cike ramukan siminti, don haka dakali ke ƙara daɗi gwargwadon yadda ake gurzarsa.

Yanzu batun saye. Juya allonka ka duba. Idan ƙarafan na roba ne, kamar yadda ake samu a allunan wasan yara, to lallai ka canza, ba a gurza da su. Idan na ƙarfe ne kuma ba su lanƙwashe ba, ci gaba da su. Ranar da za ka saya, abin lura shi ne faɗinsu ya yi daidai da faɗin allo. A lissafin kamfanin Independent, wanda yake yin su tun 1978, lamba 139 ta allo mai inci 8 ce, 144 ta inci 8.25, 149 kuma ta inci 8.5. Kamfanonin Thunder da Venture da Ace kowanne da irin lambobinsa, don haka ka tambayi tsawon sandar da tayoyi ke kai, kada ka dogara da lamba kawai. Ni dai ga mai son dakali nakan ce ya ɗauki allo mai inci 8.25 ko 8.5, saboda faɗin kafaɗar ƙarfen yana ba shi wurin sauka ko da ƙafarsa ta ɗan kuskure.

Malam, ni na haura shekara talatin kafin in fara, kuma oli ya ƙi ni. Ke nan gurza ba rabona ba ce?

Rabonka ce, ɗan'uwa. Oli ba shi ne kaɗai ƙofar shiga ba. Alan Gelfand ya fito da shi a Fulorida a ƙarshen shekarun 1970, a cikin kwarin siminti na wasa, Rodney Mullen kuma ya sauko da shi kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a farkon shekarun 1980. To akwai wata gurzar da babu tsalle a cikinta ko kaɗan, ana ce mata silafi, kuma sunan John Lucero na Kalifoniya ake fara ambata idan ana tarihinta. Mutane da yawa masu shekarunka a kanta suka tare, domin ba ta dukan gwiwa kamar yawan tsalle.

Ga yadda take. Kana tahowa da gudu a karkace, ka fi mai oli buɗe kusurwa. Daf da dakalin sai ka kwanta cikin kwana kamar za ka juya ka bi gefensa. Lokacin da tayar gaba ta doki fuskar dakalin, sauke nauyi daga ƙafar gaba, tayar za ta haura da kanta. Nan take ka tura da ƙafar baya, ƙarfen baya ya biyo, ka daidaita kafaɗu. Duk abin bai kai ƙiftawar ido biyu ba, kuma wanda ya yi shakka a tsakiya shi ke faɗuwa.

Zaɓin dakali a nan ya fi komai. Nemi gajere, wanda bai kai santimita 15 ba, mai fuska a kwance ko kaifi mai zagaye. Mai tsaye tsam kamar bango sai ka ƙware. Goga kyandir har a fuskar gefe, tunda can taya ke bi ta hau. Sannan ka sassauta ƙarafanka: ɗauki sifana ka kwance babban notin tsakiya rabin juyi, ka gwada, ka ƙara in da buƙata. Ƙarafa masu tauri ba sa yarda su shiga kwanar da silafi ke so. Idan taya ta fara cizon ƙasan allo saboda sassautawar, sa siririyar roba tsakanin ƙarfe da allo ta ɗan ɗaga shi. Wannan kaɗai ce sayayyar da nake ganin ta wajaba a kanka.

Tayoyina masu taushi ne, irin na yawo. Za su yi? Kuma wane boris ya fi?

Don gurza ba za su yi ba. Taya mai taushi, wajen lamba 78A a ma'aunin tauri, an yi ta ne ta kama ƙasa ta shanye tsakuwa, kuma wannan kamun ne zai maƙale a fuskar dakali. Nemi mai tauri, 99A zuwa 101A, girman milimita 52 zuwa 54. Mai silafi yana iya kai wa 56, babbar taya ta fi saurin haurawa. Boris kuwa, wato ƙaramin zoben ƙarfen da ke cikin taya yana sa ta juyawa, kada ya ɗauke maka hankali. Duk girmansu ɗaya ne, lamba 608, kuma lambar ABEC da ake bugawa a kwali ma'auni ne na injinan masana'anta, ba ta faɗin yadda boris zai jure duka da ƙura. Sayi matsakaici daga kamfanin da ya san wasan, ka hana shi ruwa.

Yaya, ƙarafana sun yi kwari a tsakiya saboda gurza. Sun lalace ke nan?

Yanzu ma suka fara daɗi. Wannan kwarin da kaifin dakali ya sassaƙa yana zama masauki, kana sauka sai ƙarfen ya faɗa cikinsa ya kama layi. Tsofaffin 'yan wasa sukan canza allo sau da yawa suna riƙe da ƙarafa ɗaya saboda shi. Abubuwa uku ne ke sa in ce ka canza: idan ka ga tsagewa a jikin ƙarfen, idan sandar tayoyin ta lanƙwashe har allon na jan gefe ɗaya, ko kuma gurza ta cinye alminiyam ɗin har baƙin ƙarfen sandar ya leƙo sosai. Sai dai ka sa ido kan babbar ƙusar tsakiya. Yayin da kafaɗar ke cinyewa, kan notin yana iya fitowa ya riƙa karo da dakali ya tsayar da kai ba zato. Akwai ƙarafan da ake juya ƙusar a cikinsu, kanta ya lafe ƙasa, kuma masu yawan gurza suna jin daɗinsu. Robobin bushin kuma, waɗanda ke zagaye da ƙusar tsakiya, in sun fashe, su kaɗai za ka saya.

Malam, 'yata mai shekara 11 ta nace sai ta koyi wannan gurza. Gabana faɗuwa yake yi. Me zan saya mata, ko in hana ta?

Baiwar Allah, tsoronki a kan hanya yake, domin faɗuwa dole ce a wannan wasa. Amma ban ga dalilin hana ta ba. Momiji Nishiya ta Japan tana da shekara 13 ta ci zinare a wasan siketbod na titi a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, karon farko da aka sa wasan a gasar. Kuma cikin duk abin da yaro zai koya a kan allo, ɗan dakali yana cikin mafi kusa da ƙasa.

Hular kwano ce farko, kuma a nan ne nake so ki kashe kuɗinki ba tare da ciniki da zuciyarki ba. Duba cikinta ki ga alamar ASTM F1492, ma'aunin hular siketbod ke nan. Ta rufe ƙeya, domin wanda allo ya zame masa a kan kyandir ta baya yake faɗuwa. Ta zauna daidai a goshi, kada ki sayi babba da sunan za ta girma cikinta. In ta sha mummunan duka sau ɗaya, a sake wata ko da ba a ga tsaga ba. Bayan hula sai kariyar wuyan hannu, saboda mai koyo yakan tare ƙasa da tafin hannu, wuyan hannun ne ke karyewa. Sai ta gwiwa da ta gwiwar hannu, da takalmi mai shimfiɗaɗɗen tafi.

Abin da kuɗi ba ya saye shi ne wuri. Kada ta koya a gefen titin da motoci ke bi. Allo yakan kuɓuce ya harba da gudu, yaro kuma yakan bi shi ba tare da ya waiga ba. Ki nema mata filin wasan da aka gina don haka, ko fili rufaffe da ba abin hawa, ki zauna kusa a makonnin farko.

Akwai wani dakali mai kyau gaban wani gini kusa da ni. In shafa masa kyandir?

Nemi izini tukuna. Kyandir yana barin baƙin tabo da ba ya fita da sauƙi, gurza kuma tana cin kaifin siminti, kuma wani ne ya biya kuɗin ginin. Irin wannan ce ta sa masu gine-gine a birane da yawa suke kafa ƙananan ƙarafa a gefen dakalinsu don hana wasan gaba ɗaya. Kada kuma ka shafa a matakala ko inda mutane ke takawa. Na taɓa ganin dattijo ya ɗora ƙafa a kan kaifin da wasu suka lafta wa kyandir, ƙafar ta tafi, ya zauna daɓas, ya daɗe yana riƙe da ƙugunsa kafin a tashe shi. Tun ranar nake kankare ragowar kyandir kafin in bar wuri.

Idan ba a ba ka izini ba, yi naka. Akwatin katako mai tsawon mita biyu, tsayin santimita 15 zuwa 20, ka ɗaura masa ƙarfe mai kusurwa a kaifinsa, ka nutsar da kawunan ƙusoshin don kada su kama tirok. Ƙarfe a kan ƙarfe ya fi siminti santsi nesa ba kusa ba, don haka ka fara gwada shi ba kyandir, kuma ka rage gudu a hawan farko.