Amsa ga Hajiya kan tambayoyin da ake yi wa waɗanda guguwa ta shafa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanmu da warhaka, 'yan'uwa. Hajiya, na saurari saƙonki tun da rana, aiki ne ya riƙe ni sai yanzu, a gafarce ni. Ga waɗanda ba su ji ba, Hajiya ta ce ta ga rahoto a talabijin inda ma'aikatan agaji a Amurka ke bin mutanen da mahaukaciyar guguwa ta rushe wa gidaje da takarda da biro, suna tambayarsu ko suna samun barci, ko gabansu na faɗuwa. Sai ta ce mene ne amfanin wannan ga wanda ba shi da wurin kwana, kuma anya ba fama musu gyambo ake yi ba? Ni dai da na yi shekaru ina aikin jinya a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, zan ce kina da gaskiya a kan kwanakin farko, amma abin da ke biyo baya shi ne nake so mu tsaya a kai.

A makon farko, wanda ruwa ya cinye masa gida abinci yake bukata, da ruwan sha, da wurin sa haƙarƙari, da labarin inda iyalinsa suke. Idan ya yi kuka, ko barci ya ƙaurace masa, ko ya zabura da jin ƙarar ƙofa, wannan ba cuta ba ce, haka zuciyar ɗan Adam take idan ta ga tashin hankali, kuma yawancin mutane suna dawowa hayyacinsu da kansu idan suka samu natsuwa da dangi a kusa. Shi ya sa littafin agajin farko na zuciya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya taƙaita aikin a abu uku: ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da taimakon da yake bukata. Hukumar ta kuma yi gargaɗi a kan zaunar da mutum a matsa masa ya maimaita duk abin da ya gani, domin bincike bai nuna hakan yana kare shi ba. Ciwon firgicin da ke bin bayan masifa, wanda likitoci ke kira PTSD, ba a ma tabbatar da shi sai alamun sun wuce wata guda.

Duk da haka akwai irin tambayar da take da amfani tun ranar farko, ita ce tambayar abin da ya samu mutum, maimakon abin da yake ji a ransa. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Merritt Schreiber, ya tsara hanya mai suna PsySTART a kan wannan, kuma ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta yi aiki da ita lokacin guguwar Sandy a 2012. Ma'aikaci yana lura ne ko mutum ya ga mutuwa da idonsa, ko ya maƙale ya fid da rai da tsira, ko ya rasa wani nasa, ko gidansa ya rushe, ko yaro ne da ya rabu da iyayensa. Dalili kuwa shi ne a ranar kusan kowa a firgice yake, don haka firgici ba ya bambanta kowa da kowa, amma nauyin abin da mutum ya gani yana nuna wa za a koma a duba nan gaba. A nan ne kuma ake gano wanda dama yake shan maganin ƙwaƙwalwa ko na farfaɗiya, ruwa ya tafi da maganin da katin asibitin gaba ɗaya. Wannan mutumin ba zai iya jiran wata guda ba.

Abin da ya fi gamsar da ni a wannan fanni shi ne abin da aka gani bayan guguwar Katrina, wadda ta afka wa jihar Louisiana ranar 29 ga Agusta 2005, katangun da ke tare ruwa suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin New Orleans ya nutse, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Farfesa Ronald Kessler na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun bi sawun waɗanda suka tsira, suka yi musu tambayoyi wata 5 zuwa 8 bayan guguwar, sannan suka sake komawa wajen mutanen nan bayan shekara guda. Abin da aka saba gani shi ne damuwa ta riƙa raguwa idan lokaci ya ja. A nan sai aka ga akasin haka. Masu alamun ciwon firgici sun ƙaru daga kashi 14.9 zuwa kashi 20.9 cikin 100, masu larurar ƙwaƙwalwa mai tsanani daga kashi 10.9 zuwa kashi 14, masu tunanin kashe kansu kuwa daga kashi 2.8 zuwa kashi 6.4, wato sun ninka har da ɗoriya. A zagayen farko mutane da yawa suna da ƙwarin gwiwar cewa za su sake gina rayuwarsu, wannan ƙwarin gwiwa ya riƙe su. Da aka shekara ana zaune a gidan wucin gadi ko a garin da ba a san kowa ba, babu aiki, babu tabbacin komawa gida, sai ƙarfin ya fara ƙarewa, a daidai lokacin da 'yan jarida suka tattara kayansu, masu agaji kuma suka koma wani wuri. Saboda haka, Hajiya, da sau ɗaya aka yi tantancewar aka rufe littafi, da an rasa mafi yawan waɗanda suka shiga hatsari daga baya.

Ma'aunin da su Farfesa Kessler suka yi amfani da shi wajen auna damuwa, K6, tambaya shida ce kacal a kan kwana 30 da suka wuce: sau nawa mutum ya ji fargaba, sau nawa ya fid da tsammani, sau nawa ya kasa zama wuri ɗaya, sau nawa baƙin ciki ya rufe shi har ba abin da ke faranta masa rai, sau nawa ya ji komai ya zame masa wahala, sau nawa kuma ya ji ba shi da wani amfani. Ana haɗa maki daga sifili zuwa 24, wanda ya kai 13 sai a tura shi wajen ƙwararre. Ina roƙon a fahimci wannan da kyau, domin a nan ake yawan kuskure: makin ba hukunci ba ne. Kamar awon hawan jini ne a bakin ɗakin likita, yana nuna wanda za a shigar a duba da kyau, amma likita ne zai faɗi abin da ke damunsa.

Yara su ne aka fi mantawa da su, domin suna wasa, sai a ɗauka sun manta. Bayan guguwar Maria ta ratsa tsibirin Puerto Rico ranar 20 ga Satumba 2017, an bi makarantun gwamnati an yi wa ɗalibai fiye da 96,000 tambayoyi, aka samu kashi 7.2 cikin 100 da alamun firgicin da ke bukatar kulawa, wato yara kusan 7,000. Fiye da rabinsu sun ce wani ɗan'uwa ko aboki ya bar tsibirin. Hikimar da ke cikin wannan aiki ita ce ba a jira a kawo yaran asibiti ba, an same su a inda suke taruwa kullum, a hannun malaman da suka san su.

Mu a nan ba mu da guguwar teku, amma ambaliya tana yi mana irin wannan ɓarnar, kuma da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumba 2024 ina cikin waɗanda suka je Maiduguri aikin sa-kai. A wata makaranta da aka mayar sansani na gamu da wata baiwar Allah da ta zo sau uku neman maganin ciwon kai. Da na tambaye ta ko tana cikin damuwa, sai ta ce alhamdulillahi, ƙaddara ce, ba ta da abin cewa. Na ja ta bayan aji, muka zauna a tabarma, na tambaye ta yaya barci. Ta yi shiru, tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce tun daren da ruwa ya shigo ba ta kwanta ba, a zaune take kwana da ƙaramin ɗanta a cinya da takalmanta a ƙafa, kuma da zarar hadari ya haɗo sai hannunta ya kama rawa har ta kasa riƙe kofi. Da na tsaya a tambayar farko, da na rubuta lafiya lau na sallame ta da farasitamol. Imaninta gaskiya ne, rawar hannun ma gaskiya ce, kuma ɗaya bai kore ɗaya ba.

Wannan ne ya sa na fi son ma'aunin SRQ-20 na Hukumar Lafiya ta Duniya a wurare irin namu, domin tambayoyinsa ashirin e ko a'a ne, kuma da jiki yake farawa: ciwon kai, rashin cin abinci, rashin barci, saurin tsorata, rawar hannu. Mutanenmu sun fi sakin jiki su faɗi abin da ke damun jikinsu, daga nan zancen zuci yake biyowa. Sai dai dole a yi tambayar a keɓe, ba a kan layin karɓar abinci ba, mace ta tambayi mace idan da hali, kuma kada a bari kalmar hauka ta shiga zancen, domin muddin aka ji ana rubuta sunayen mahaukata ba wanda zai sake faɗin gaskiya. Tambayar ko mutum yana tunanin raba kansa da duniya ita ce ma'aikata suka fi jin nauyinta, amma bincike ya nuna yin ta ba ya cusa wa mutum tunanin, kuma wanda ya amsa da e ba a barinsa shi kaɗai, a ranar ake haɗa shi da likita da wani amintacce cikin danginsa.

Inda tsoronki zai tabbata, Hajiya, shi ne idan aka tambayi mutum, ya buɗe cikinsa, sannan aka naɗe takarda aka tafi ba a sake waiwayarsa ba. Wannan kam fama gyambo ne ba tare da magani ba, kuma ni ba na goyon bayansa ko kaɗan. A New Orleans ma an ɗanɗana wannan, domin asibitin Charity, wanda talakawan birnin suka dogara da shi har da masu larurar ƙwaƙwalwa, an rufe shi bayan guguwar ba a sake buɗe shi ba, a lokacin da masu bukata suka fi yawa. Don haka kafin a ɗauki takarda a fita, sai an san sunan asibitin da za a tura mutum, da ranar da likita ke zama, da wanda zai biya kuɗin mota da na magani, da kuma wanda zai koma bayan wata uku, da wata shida, da shekara, ya sake yin tambayoyin nan.

Waɗanda ke aiki a sansanoni cikinmu, in Allah ya yarda bayan sallar Isha zan turo tambayoyin nan shida da na ashirin a rubuce da Hausa, mu duba kalmomin tare mu gyara waɗanda ba su zauna ba kafin kowa ya yi amfani da su. Wassalamu alaikum.