Me Ya Sa Haihuwa Take Raguwa?

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa kakarki a Argungu ta haifi 'ya'ya goma, alhali ke da maigidanki a Birnin Kebbi kuna ganin huɗu ma sun isa, kuma ko wata cuta ce ta shigo wa matan yanzu. A ganina galibi ba cuta ba ce, nauyin renon ɗa ne ya sauya.

A zamanin kakarki, yaro ɗan shekara bakwai yana korar tsuntsaye a fadamar shinkafa, yana kiwon awaki, wato tun yana ƙarami yake taimakon gida. Ga kuma ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro suna ɗauke yara, shi ya sa iyaye ba sa tsayawa a kan kaɗan. Yau kuwa yaron nan sai an biya masa kuɗin boko da na Islamiyya, an ɗinka masa kayan makaranta, an sayi magani, har ya kusa shekara ashirin bai kawo ko sisi ba. Masanin tattalin arziki Gary Becker ya bayyana wannan tun 1960: idan iyaye suka ƙara abin da suke kashewa a kan kowane ɗa, yawan 'ya'yan yakan ragu. Karatun 'ya'ya mata ma yana jinkirta aure.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Nijeriya 5.3 ne, a Arewa maso Yamma kuma 6.6, alhali Koriya ta Kudu ta faɗi zuwa 0.72 a 2023.

Amma idan ma'aurata suka shekara suna neman ciki bai samu ba, wannan wata magana ce daban, kuma ya kamata likita ya duba su duka biyu, har da mijin.