Tambaya da Amsa: Da gaske ne za a tayar da Daenerys a zango na tara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Tun da aka kammala shirin Game of Thrones raina bai kwanta da yadda aka kashe Daenerys ba. Makon jiya wani abokina ya tura mana bidiyo a zaurenmu na WhatsApp, wai tallar zango na tara ce. Ga dodonta Drogon ya sauke gawarta a birnin Volantis, ga matan nan masu jajayen kaya sun kewaye ta, sai ta buɗe ido. Mai tashar ya rantse HBO, tashar da ta yi shirin, ta tabbatar, har ya ce kashi na farko ya fita ta bayan fage, ya sa adireshin da za a sauke. Na danna, aka nemi lambar wayata na bayar, sai ga saƙon lambobi shida ya shigo, aka ce in rubuta su. A nan gabana ya faɗi na tsaya. Malam, labarin gaskiya ne? Kuma na jefa kaina cikin matsala? Ƙanina yana ta yi min dariya, ya ce an yi min sakiyar da ba ruwa. Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari mu fara da wayarka, don ita ce ba ta jira. Lambobin nan shida mabuɗin WhatsApp ɗinka ne, ko na wani asusun da ke haɗe da layinka. Da ka rubuta su, da yanzu wani yana can yana roƙon yayyenka kuɗi da sunanka. Tunda ba ka bayar ba, da sauƙi. Ka shiga saitin WhatsApp ka kunna matakin tsaro na biyu, ka sa lambar sirri ta kanka, in kuma shafin ya sa ka sauke wata manhaja ka goge ta yau. Duk wanda ya kira ya ce daga banki ko kamfanin layi yake, kashe wayar.

Sai batun zango na tara. Babu shi. Shirin ya fara a 2011, ya ƙare ranar 19 ga Mayu 2019 da zango takwas, kashi 73. Mutum sama da miliyan ɗaya sun sa hannu a takardar koke ta intanet suna neman a sake ɗaukar zango na takwas, HBO ba ta sake ko fitowa ɗaya ba. Bidiyon da ka gani haɗi ne: an yanko fuskar Emilia Clarke, wadda ta fito a Daenerys, daga tsofaffin fitowa, an cike giɓin da ƙirƙirarriyar basira, an ɗora kiɗa mai tayar da tsikar jiki.

Amma in yi wa hasashen adalci, ba daga iska aka ɗebo shi ba. A kashi na ƙarshe an faɗa a zaman majalisar sabon sarki Bran cewa an hango Drogon ya nufi gabas. Mun san Volantis ce cibiyar masu bautar Ubangijin Haske. Mun ga Kinvara, ɗaya daga cikin malamansu masu jajayen kaya, a zango na shida tana cewa Daenerys ce wadda aka yi alkawari. Mun ga Melisandre ta dawo da Jon Snow daga mutuwa, mun ga Thoros ya yi ta dawo da Beric Dondarrion. Wanda ya haɗa waɗannan ya ce ƙila can dodon ya kai gawar, ya yi tunani mai kyau, kuma ni ma ina jin daɗin irin wannan hira. Matsalar tana farawa ne lokacin da aka cire "ƙila" aka sa "an tabbatar".

Wannan ce cutar da nake fama da ita kullum a saƙonnin masu karatu, kuma na san asalinta. Hasashe ɗaya ya ci, shi ne na iyayen Jon Snow. Masu karanta littattafan George R.R. Martin, waɗanda aka gina shirin a kansu, sun gano tun daga na farko, wanda ya fito a 1996, cewa ba Ned Stark ya haife shi ba, ɗan Rhaegar ne, yayan Daenerys, da Lyanna ƙanwar Ned. Suka yi shekara ashirin suna jira, shirin ya nuna haka a ƙarshen zango na shida a 2016. Daga nan mutane suka ɗauka duk hasashen da ya yi farin jini to bashi ne a kan marubuta, dole su biya. Sun manta dalilin da wancan ya ci: marubucin ne da kansa ya binne alamun. Alkawarin da Lyanna ta sa Ned ya ɗauka tana kwance cikin jini, dakaru uku na masu tsaron sarki da aka samu suna gadin hasumiya a Dorne alhali ana can ana yaƙi, yadda Ned ke ƙin buɗe baki duk lokacin da aka taɓo mahaifiyar yaron. Har ma tambayar da Martin ya jarraba masu shirya shirin, David Benioff da D.B. Weiss, da ita ke nan kafin ya yarda su ɗauki labarin: wace ce uwar Jon Snow?

To ina sauran? An rantse Bran shi ne Night King, shugaban rundunar matattu, har da jera hotuna ana gwada hancinsu. An rantse Tyrion ɗan Mahaukacin Sarki ne, mahaifin Daenerys, shi zai hau dodo na uku. An ce Syrio Forel bai mutu ba, shi ne Jaqen. An ce ba Littlefinger aka yanka a Winterfell ba, wani ne sanye da fuskarsa. An yi shekaru ana jiran Catelyn Stark ta dawo kamar yadda ta dawo a littafi, ba ta leƙo ba. Kusan kowa ya sa a ransa Jon ne zai kashe Night King, Arya ta yi. Kowane ɗaya cikin waɗannan sai da aka yi masa bidiyo mai jan kibiya da da'ira, an rubuta "an tabbatar" da manyan baƙaƙe. Ka koma ka duba ko akwai mai tasha ɗaya da ya fito ya ce jama'a ku yi haƙuri na yaudare ku. Washegari sabon bidiyo yake sakawa.

Masu tashoshin nan ba su da bambanci da mai maganin tasha da lasifikarsa, wanda kwalba ɗaya ke warkar da basir da shawara da ciwon baya, kuma kafin ka gane ruwan kala ne ya koma wata kasuwar. Kallonka ne kuɗinsa. Ko ka yarda ko ka zage shi a ƙasan bidiyon, talla ta riga ta wuce ta gabanka, an biya shi. Abin ya yi ƙamarin da a 2025 YouTube ta yanke wa wasu manyan tashoshin tallar fim ta bogi kuɗin talla. Na ƙasa da su kuma, irin wanda ya turo maka adireshi, ba ma kallon yake so ba, wayarka yake so. Kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky ya bayar da rahoton cewa a 2018, shekarar da ba a saki ko kashi ɗaya ba, Game of Thrones ne ya zo na ɗaya a shirye-shiryen da ake ɓoye ƙwayar cutar kwamfuta a bayan sunansu.

Za ka ce ai ana samun fitar sirri na gaske. Ana samu. A 2015 kashi huɗu na farkon zango na biyar sun fita daga kwafin da aka raba wa masu sharhi. A 2017 kashi na huɗu na zango na bakwai ya fita ta hannun masu hulɗa da Star India, kamfanin da ke haska shirin a Indiya a lokacin, har 'yan sandan Indiya suka kama mutum huɗu, sannan reshen HBO na Sifaniya ya saki kashi na shida bisa kuskure kafin lokacinsa. A 2022 ƙarshen zangon farko na House of the Dragon, shirin da ke ba da labarin kakannin Daenerys, ya riga ranarsa fita. Lura da abin da ya haɗa su: duk an gama ɗaukarsu, an sa musu rana, kwanaki ko makonni kaɗan suka rage. Shirin da zai ci miliyoyin daloli, ya tara ɗaruruwan ma'aikata a Arewacin Ireland ko Sifaniya na tsawon watanni, ba ya ɓuya har mai tashar TikTok ya riga jaridun duniya sani.

Ko abin da kamfanin da kansa ya fara ma ba tabbas ba ne. A 2019 an ɗauki kashin gwaji na wani shiri a kan zamanin Dogon Dare, da Naomi Watts a ciki, aka kashe maƙudan kuɗi, aka ajiye shi ba wanda ya gani. A 2022 aka ji ana rubuta ci gaban labarin Jon Snow, kuma wannan gaskiya ne, amma a 2024 Kit Harington, wanda ya fito a Jon, ya ce an jingine shi don ba su samu labarin da ya gamsar da su ba. A kan wannan guntun gaskiyar 'yan damfara ke gina nasu.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne inda fushin ke sauka idan hasashe ya faɗi. Mutum ya yi shekara biyu yana shan bayanin mai tasha, shirin ya zo da wani abu dabam, sai ya tafi shafin ɗan wasa yana zagi. Emily Carey, wadda ta fito a Alicent tana yarinya a House of the Dragon, sai da ta rufe shafinta na Twitter a 2022 saboda caccaka, tun ma ba a fara haska shirin ba. Zango na takwas yana da laifinsa, ni ma ina ganin kashi shida sun yi kaɗan ga juyewar Daenerys, an yi gaggawa. Ka soki wannan da hujja. Amma rashin cika maka mafarkin da wani ya sayar maka ba laifin marubuci ba ne, balle yarinyar da aka ba takarda ta haddace.

Kuma ɗan'uwa, abokin nan naka da ya tura wa zaure guda adireshin da bai bincika ba, ka gaya masa ya ji tsoron Allah. Ba a ce sai labarin siyasa ko na addini ake tantancewa kafin a yaɗa ba. In an kwashe asusun wani a zauren ta dalilinsa, yana da kamasho a alhakin. Ya goge saƙon, ya sanar da mutane, musamman waɗanda suka riga suka rubuta lambobin, su yi maza su sake shiga WhatsApp da layinsu kafin ɓarawon ya kulle su a waje. Duk sanarwar da ba ka gani a shafukan HBO na asali ba, ko a jaridun harkar fim irin su Variety da The Hollywood Reporter, ka bar ta a matsayin hira. Ƙaninka kuwa ya fi ka gaskiya a wannan karon, sai ka haƙura da dariyar.