Amsa: Wane turbo zan ɗora wa GS300 don ƙarfin doki 500?

Malam, ka ce Lexus GS300 ce mai injin 2JZ, kana neman ƙarfin doki 500, kuma a cikin gari za ka riƙa hawanta. To kada girman turbo ya ruɗe ka.

Lissafin da ake yi shi ne iska mai nauyin fam ɗaya a minti yana ba da ƙarfin doki kusan 10, kenan turbo mai tura fam 50 zuwa 55 ya ishe ka. Turbo Garrett GTX3076R ya dace da injin lita 3 irin naka. GTX3582R zai fi ƙarfi a sama, wato idan injin na juyawa da sauri sosai, amma a gosulo sai ka taka totur ka zauna jira, sannan ya fizge ka lokacin da ka riga ka cim ma mai Keke Napep. Ɓangaren salansa ka ɗauki A/R (ma'aunin girman gidan turbo) 0.82, domin 0.63 na tashi da wuri amma yana shaƙe injin a sama.

Abin da ya fi damuna injin ne. Na GS300 2JZ-GE ne, matsinsa 10 zuwa 10.5, alhali 2JZ-GTE mai turbo na Toyota Supra 8.5 ne, kuma sandunan fistin na mai VVT-i (tsarin sauya lokacin buɗe bawul) sirara ne. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu da fetur ɗin gidan mai, sai fistin ya narke. Canja fistin da sandunan tukuna, ka sa babban abin sanyaya iska, famfon mai da nozul masu ƙarfi, a sake saita kwamfutar motar.

Giyabos ɗin otomatik ma ba zai jure 500 ba, ka ware masa kuɗinsa.